Kwana uku a Abijan: me baƙo ya gani?

Duk wanda ya saba zaman fada a Maraɗi ko Tawa ya san irin hirar da ake yi ranar da wani ya dawo daga Abijan. Ɗan ci-rani da ya shekara biyar bai ga gida ba yawanci ba shi da dogon labari. In an tambaye shi sai ya ce lafiya lau, ya kurɓi shayinsa. Mai dogon labari shi ne ma'aikaci ko malamin makaranta da aka aika taron ƙara wa juna sani, taro ya watse ranar Alhamis, jirgin komawa Yamai kuwa sai Lahadi, ya samu kwana uku a hannunsa ba aiki ba iyali. Ya zaga unguwanni, ya ci abincin da bai taɓa ci ba, ya ga dare irin wanda bai san ana yi ba. Da ya dawo, tun ba a sauke shayin farko ba ya yanke wa birnin hukunci. Wani ya ce aljannar duniya ce, wani ya ce Allah ya tsare Musulmi da ita. Dukansu biyu da kalma ɗaya suke rufe bakin mai gardama: ai na je na gani.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Su ne kuma suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa tana sauka da asuba ta jiƙa ganye, hantsi na yi ta tafi, ba ta san abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba. Tsakanin waɗannan karin magana akwai tambayar da ta cancanci a tsaya kanta: mutumin da ya yi kwana uku a babban birni yana neman nishaɗi, me ya gani, kuma me yake da haƙƙin faɗa in ya koma gida?

Ranar farko ta kallo ce, kuma Abijan gari ne da aka gina don ya ɗauki ido. Tafkin Ebriye ya rarraba shi, gadoji suka haɗa shi. Wanda ya fito daga filin jirgi ya hau gadar Houphouët-Boigny, wadda aka buɗe a 1957, ko gadar De Gaulle ta 1967, zai ga dogayen benayen Filato sun taso daga bakin ruwa, ya ga babbar majami'ar Saint-Paul da aka buɗe a 1985, ya hangi otel Ivoire a Kokodi, inda a da har filin wasan zamiya bisa ƙanƙara aka yi a ƙasar da ba ta san sanyi ba. Tun 1983 aka mai da babban birnin ƙasa Yamusukuro, amma kuɗi da ofisoshi da jakadu ba su bar bakin tafki ba. Abin da mai tasi ba lalle ya gaya wa baƙo ba shi ne, wannan tsari mai kyaun gani tsarin rarrabewa ne. A zamanin mulkin mallaka Filato unguwar Turawa ce. Baƙar fata masu yi musu aiki aka zaunar da su Tireshbil, ƙetaren ruwa, da Ajame, can bayan barikokin soja. Har yau in magariba ta yi Filato kan zama kamar kasuwar da ta watse, mutanen da suka cika ta da rana sun yi layi suna jiran gbaka da woro-woro da kwale-kwalen haya, su koma Abobo da Yopugon inda miliyoyi ke kwana.

Batun abinci ya fi wannan zurfi, domin a nan ne baƙon da ya fito daga Nijar yake karo da kansa bai shirya ba. Duk wanda ya je Abijan za a ce masa bai ci kome ba in bai ci garba ba. Garba aceke ne da soyayyen kifin ton, a yayyanka ɗanyen barkono da albasa da tumatir a kai, a murtsuke dunƙulen magi, a zuba cokalin man suya, a ci da hannu bisa benci ƙarƙashin rumfar kwano. Abincin ɗalibai ne da leburori da ƙananan ma'aikata, mai arha, mai riƙe ciki daga safe har la'asar. Mutanen Kwaddibuwa suna alfahari da shi, mawaƙansu suna ambatonsa. Sunan kuwa ba ya buƙatar fassara ga kowane Bahaushe: Garba ne, Abubakar, kuma abin da aka fi yarda da shi shi ne abincin ya ɗauki sunan masu sayar da shi, waɗanda mafi yawansu Hausawan Nijar ne.

Yana da kyau a bi faranti ɗaya a ga hannuwa nawa ya ratsa kafin ya iso gaban mai ci. Aceke aikin mata ne, musamman matan ƙabilun bakin tafki irin su Ebriye da Ajukuru: su fere rogo, su niƙa, su bar shi ya yi tsami, su matse ruwan, su murza shi ya zama tsaki-tsaki, su shanya, su turara. Aiki ne na kwanaki, kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin jerin al'adun gado na duniya. Kifin kuma daga tashar jiragen ruwa yake zuwa, tashar da ta bunƙasa bayan an haƙa mashigin Biridi a 1950 aka haɗa tafki da teku. Manyan jiragen kamun ton suna sauke kaya don masana'antun gwangwani. Wanda ya yi ƙanƙanta ko ya ƙuje, wanda masana'anta ba ta karɓa, shi ake sayarwa a kasuwar gari. Wato abin da ba a kai wa Turai shi ne ya zama abincin alfaharin birni. Mai rumfa ya tashi tun kafin assalatu ya samo kifi, ya wanke, ya barbaɗa gari, ya hura wuta, ya tsaya gaban tafasasshen mai har azahar. Baƙo ya zo ya zauna minti ashirin, ya lashe yatsu, ya ɗauki hoto da salularsa.

Ba laifi ba ne a ci a ji daɗi. Mai rumfa ma ciniki yake nema, ba tausayi ba. Sai dai baƙon da ya fito daga Faransa yana iya cin garba ya tashi bai san kome ba, a yi masa uzuri, tunda ba shi da harshen da zai yi tambaya. Bahaushe ba shi da wannan uzuri. Yana jin mai suya na yi wa yaronsa faɗa da Hausar Adar, ya san daga wace ƙasa aka fito, ya san abin da ke kore samari daga can bayan an kai amfanin gona gida: rumbun da ba ya kai wa bazara, da sadakin da gona ba ta biya. Akwai matafiyin da kan yi kamar bai ji ba, ya nemi abincinsa da Faransanci, don kada abokan taro su haɗa shi da mai tuya. Wannan ƙaramin abu ne, ba wanda zai kai shi ƙara. Amma mutumin da ya ɓoye harshensa a gaban ɗan'uwansa don ya more zaman baƙunta ya riga ya zaɓi abin da zai gani da abin da zai kau da kai gare shi, kuma labarin da zai kai fada daga wannan zaɓi zai fito.

Da dare sai a kai baƙo maki, wato gidan cin abinci da sha na sararin Allah, kujerun roba har bisa titi, kaza da kifi bisa garwashi, aloko mai zafi, kiɗa kamar zai tsaga ƙirji. Masu kuɗi su nufi Zone 4 a Markori. Shekaru da dama wurin da ya fi suna shi ne titin da ake kira Rue Princesse a Yopugon, har watan Agusta na 2011 da hukuma ta sa katafila ta rushe mashayun da suka cinye bakin hanya. A nan ne mai yabo da mai zagi suke samun hujjarsu, abin mamaki kuma hujja ɗaya ce: mutane na rawa. Ɗaya ya ce ga mutanen da suka san daɗin duniya, ɗaya ya ce ga mutanen da suka manta lahira.

Amma rawa ba ta faɗin dalilinta. Kiɗan zugulu ya taso ne wajen 1990 a ɗakunan kwanan ɗaliban jami'a, lokacin da tattalin arziki ya karye, kuma abin da yake faɗa shi ne yunwa da cunkoso da rashin aiki, cikin barkwanci. Kufe-dekale kuwa, wanda Douk Saga da abokansa suka ƙirƙiro a gidajen rawan Paris, ya mamaye Abijan ne daidai lokacin da ƙasar ta rabu biyu bayan tawayen 19 ga Satumba 2002, ana dokar hana fitar dare, ana binne mutane. Samarin nan suna watsa takardun kuɗi bisa jama'a, abin da ya yi kama da liƙin da ake yi wa makaɗa a biki, sai dai su masu rawar ne ke liƙa wa ƴan kallo. Ana iya kiran wannan almubazzaranci, kuma akwai gaskiya a ciki. Ana iya ganinsa kuma a matsayin taurin kan mutanen da suka ƙi yarda yaƙi ya zama shi kaɗai ne labarinsu. Wanda ya iso jiya ba shi da ma'aunin da zai rarrabe rawar murna da rawar wanda ya gaji da kuka, domin a ido iri ɗaya ce.

Hausawa sun ce dare mahutar bawa. A babban birni karin maganar ta juye, don daren mai nishaɗi shi ne ranar aikin wani. Yarinyar da ke kai kwalabe tebur, mai gadin motoci, mai tsire a bakin ƙofa, mai shayi da ke jiran waɗanda za su fito da asuba, mai gadin kantin da ke kwance bisa kwali: kowannensu yana cikin wannan dare, ba wanda ya zo hutu. Da yawansu baƙi ne daga Sahel. Ƙidayar 1998 ta nuna kashi 26 cikin 100 na mazauna Kwaddibuwa ƴan wasu ƙasashe ne, kuma waɗannan baƙi sun san wani Abijan da ba a kai mai kwana uku: na katin zama da aka ɗora musu a farkon shekarun 1990, da shingayen da ake tare su a kai, na unguwannin kwano da aka ƙone a 2002 bisa zargin suna ɓoye ƴan tawaye, na rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011 da ya ci rayuka kimanin 3,000. A watannin farko na 2024, shekarar da ƙasar ta karɓi gasar cin kofin Afirka ta kuma ci kofin, an rushe gidaje a Gesko da Boribana, hukuma ta ce don kare mutane daga ambaliya da zaftarewar ƙasa. Dubban ƴan kallon ƙwallo sun koma ƙasashensu suna yabon tituna da fitilu, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Wannan tambaya ta kallo ba sabuwa ba ce, kuma ƴan Nijar suna cikin tarihinta. A 1957 Jean Rouch ya ɗauki fim a Tireshbil tare da wasu samari ƴan Nijar da suka je neman kuɗi; fim ɗin, Moi, un Noir, ya fito a 1958 ya samu kyautar Louis Delluc. Jigonsa Umaru Ganda ne, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indocin, yana aikin dako a bakin tasha. Samarin sun ara wa kansu sunayen taurarin siliman Amurka da Faransa. Ganda ya zama Edward G. Robinson. Fim ɗin ya bi su cikin mako na neman aikin yini, sannan Asabar da Lahadi na dambe da rawa da mashaya, sannan Litinin ta dawo. Wanda ya ga Asabar kaɗai zai ce ƴan duniya ne. Abin da ya bambanta wannan fim da na sauran Turawan zamanin shi ne, bayan an gama ɗauka an nuna wa Ganda hotunan, aka bar shi ya yi magana a kansu da bakinsa, ya faɗi gajiyarsa da mafarkinsa da haushinsa. Wanda ake kallo ya samu damar mai da martani.

Duk da haka Sembène Ousmane bai ƙyale Rouch ba. A wata tattaunawa da suka yi a 1965 ya zarge shi da ire-irensa da kallon ƴan Afirka kamar yadda ake kallon ƙwari. To, Rouch ya fara zuwa Nijar tun 1941, a nan kuma ya rasu cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. In mutumin da ya ba da shekaru sittin bai tsira daga wannan zargi ba, ina ga mai kwana uku? Ganda shi kansa bai tsaya a gaban kamara ba: ya koma bayanta, ya yi Cabascabo, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972 da Le Wazzou polygame. Gidan al'adun da ke ɗauke da sunansa a Yamai sunan tsohon ɗan dakon Tireshbil yake ɗauke da shi, abin da ba kowane mai shiga cikinsa yake tunawa ba.

Mai karatu na iya cewa: ashe ke nan gara mutum ya zauna otel ya rufe ƙofa, tunda duk abin da zai gani rabin gaskiya ne. Wannan kuskure ne, kuma ya fi na farko muni. Da fari, daɗewa ba ta ba da sani kai tsaye. Akwai mai shekara ashirin a Abobo wanda bai taɓa shiga Kokodi ba sai don kai kaya, akwai haifaffen Kokodi da bai taɓa taka Abobo ba. Kowannensu yanki ya sani, kamar baƙon. Birnin da ya haura mutum miliyan 5 ba wanda ya san shi duka. Na biyu, baƙo yana da abin da ɗan gari ya rasa, wato mamaki. Shekaru da dama masu wanki, waɗanda ake kira faniko, suna dukan tufafi bisa duwatsu da tsofaffin tayoyi a rafin Banko, gefen dajin da aka keɓe tun 1953. Mai wucewa kullum ya daina ganinsu, baƙo ne ke tsayawa. Abin tambaya shi ne me yake yi da tsayuwar. Wani ya ɗauki hoton tufafi masu launi da aka shanya bisa ciyawa ya wuce. Wani ya sauka ya yi sallama, ya tambayi nawa ake wanke riga, ya ji cewa mai wankin daga Mali yake ko Burkina ko Nijar, da wuya ya taɓa shiga dajin da masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi su shiga. Dukansu minti goma suka yi.

Saboda haka yawan kwana ba shi ne ma'auni ba. Al'adar Musulunci ta ba baƙo haƙƙin liyafar kwana uku, kuma hikimar da ke ciki ita ce, cikin waɗannan kwanaki ana nuna masa fuska mafi kyau: a yanka masa kaza, a ba shi sabuwar tabarma, a ɓoye masa rigimar gida. Baƙo mai hankali ya san haka. Yana ci yana godiya, amma ba ya fita ya ce gidan wane kullum kaza ake ci, ba ya kuma cewa gidan wane almubazzarai ne. Babban birni ma haka yake karɓar mai kuɗin otel, sai dai shi liyafarsa ta sayarwa ce.

Da abin ya tsaya ga fahimtar matafiyi shi kaɗai, da ba a damu ba. Kowa da kuskurensa. Nauyin yana wajen masu saurare. Malamin da ya dawo ya ba da labarin fitilu da benaye da kuɗin da ake watsawa a gidan rawa, a fadar da yake magana akwai ƙanen wani da ke aji na uku a kwaleji, wanda ya riga ya fara lissafin kuɗin mota. Maganar mushe ba kamar ta kowa ba ce, shi ne wanda ya yi karatu, ya shiga jirgi. Yaron ba zai sauka otel ba. Zai sauka ɗakin da mutum takwas ke kwana bi da bi. Wanda kuma ya dawo yana tofin Allah tsine, ya ce duk wanda ya je can ya lalace, ya shafa wa dubban mutane baƙin fenti: waɗanda ke sallar asuba kafin su hura wutar suya, waɗanda kuɗinsu ne ke sayen buhun hatsi a watan da rumbu ya ƙare, ya biya maganin tsohuwa, ya yi wa masallacin ƙauye rufin kwano. Matan da aka bari a gida suna jin irin wannan magana, su kwana da ita. Mai yabo ya tura yaro hanya, mai zagi ya sa zargi a ɗakin aure, kuma kowannensu yana ganin gaskiya kawai ya faɗa.

Gaskiyar da mai kwana uku zai iya ɗauka ƙarama ce, amma tasa ce. Yana iya cewa: na ci abu kaza a wuri kaza, wanda ya dafa ɗan ƙasa kaza ne, ya ce mini yana tashi ƙarfe huɗu. Yana iya cewa: na ga ana rawa, ban san abin da ya kai kowa wurin ba. Irin wannan labari ba ya cika fada da shewa, kuma mai ba da shi yakan ga hankalin jama'a ya koma ga wanda ya fi shi gishiri. Wahalar ke nan, domin mutum ba ya son ya kashe kuɗi da ƙafa ya dawo da ɗan abin da bai kai cikin tafi ba.

Akan samu matafiyin da, safiyar ranar komawa, ya sake biyawa ta rumfar da ya ci garba, wannan karon ya yi sallama da Hausa. Mai suya ya ɗago kai, ya goge hannu, ya ƙi karɓar kuɗi, aka yi ta jayayya har ya karɓi rabi. Bai tambayi baƙon yadda ya ga Abijan ba. Cewa ya yi: «Mushe, an yi ruwa gida? Hatsi ya yi kai?» Sannan ya shiga bayan rumfa ya fito da ƙullin leda, turmin atamfa ɗaya da takalman yara ƙafa biyu, ya faɗi sunan ƙauye da sunan mai kanti a tashar Tawa wanda za a bar wa saƙon.